Takardar Likita a Aljihun Yaya

Ranar da aka sallami Akawu daga asibiti, likita bai yi mata magana a dunƙule ba. Ya tsaya a gefen gadonta ya ce sati shida. Ba sunkuyo, ba ɗaukar kaya, ba doguwar tsayuwa. Ƙarin da aka ciro daga cikinta ya kusa kai girman kan jariri, ɗinkin kuma ya taso daga ƙasan cibiya har mara. Ya rubuta duk wannan a takarda, ya buga hatimi, ya miƙa wa mijinta.

"Ka kai wurin aikinta. Albashinta ya ci gaba da fita, ita kuma ta kwanta."

Mijin, wanda kowa ke kira Tela, ya karɓa da hannu biyu yana murmushi. "Wannan mai sauƙi ne, likita. Mai sa hannun a gidanmu yake kwana."

Bai yi ƙarya ba. Shekara tara Akawu ta yi tana buga takardu a sakatariyar ƙaramar hukuma, har sunan aikin ya bi ta gida. Yayan mijinta kuwa shi ne jami'in kula da ma'aikata a wannan sakatariyar, kuma duk takardar hutu, na jinya ko na haihuwa, a kan teburinsa take sauka. Gidansu ɗaya, famfo ɗaya, kicin ɗaya. Yaya da matarsa da 'ya'yansu a ɗakunan gaba, Inna mahaifiyarsu a tsakiya, Tela da Akawu a ɗakin ƙurya, wanda ƙofarsa ke kallon ƙofar kicin.

Washegari da safe Tela ya durƙusa ya miƙa takardar. Yaya ya ajiye kofin shayi, ya karanta ta sau biyu yana gyaɗa kai, ya ninke ta huɗu, ya zura a aljihun gaban rigarsa.

"Sai na duba," ya ce.

A ofis da wannan maganar ake kiransa a bayan idonsa. Akwai mai gadin da ya karye a ƙafa, ƙafar ta ɗore, ya dawo aiki, ya yi ritaya, Yaya bai gama duba takardarsa ba. Amma wannan ai na waje ne. Tela ya koma ɗaki ya ce wa matarsa magana ta ƙare.

Kwana biyun farko Akawu ta ga gata. Ana shigowa ana fita, ana yi mata sannu, ana gyara mata matashi. 'Yan dubiya suka kawo lemo da madara da ƙwai. Inna ta karɓi kayan ta raba su bisa adalci, har Akawu ta samu lemo ɗaya.

Rana ta uku facalarta, matar Yaya, ta leƙo da jaka a kafaɗa, za ta shagonta na kayan kwalliya.

"Akawu, ya jikin? Tunda kina gida, in famfo ya kawo ruwa ki ɗan tura bokiti ƙarƙashinsa. Turawa kawai, da ƙafa ma."

"To, Anti."

Abin da Anti ba ta faɗa ba shi ne bokiti yana cika. In ya cika kuma sai an janye shi a sa wani, bokitan gidan kuwa bakwai ne. Akawu na jan na huɗu, hannu ɗaya a kan mara, Inna ta ɗaga labule.

"Ah, kin tashi? Madalla. Tunda kin tashi, ɗora min ruwan zafi. Kwanciyar nan ita ke sa ciwo ya samu wurin zama. Jini sai da motsi, 'yar nan."

Daga ruwan zafi aka koma yankan albasa, wai ai a zaune ake yi. Daga albasa aka koma duba tukunya, wai ɗan leƙawa ne. Ranar Asabar Anti ta ajiye mata rigunan Yaya guda biyar da dutsen guga, ta ce hannu ne ke aikin, ba ciki ba. Kafin sati na biyu ya ƙare, Akawu ce ke dafa abincin mutum tara, safe da rana da yamma, kuma ba wanda zai iya nuna ranar da aka ɗora mata. Kowa abu ɗaya ya roƙa, kuma kowa ya yi sannu kafin ya roƙa.

Ta yi wa Tela magana. Ya zauna a bakin gado yana ɗaura agogo.

"Ki yi wanda za ki iya, ki bar wanda ba za ki iya ba."

"Wanne zan bari? Na Inna ko na Anti?"

Ya duba agogon da ya gama ɗaurawa, ya ce akwai mai karɓar ɗinki ƙarfe takwas, ya fice.

Ta gwada Anti. Anti ta yi dariya tana shafa hoda a gaban madubi. "Wallahi ke 'yar gata ce. Sati shida a gida, ga albashi na tafiya. Ni da za a ba ni haka, ai da kaina zan hau gadon tiyatar."

Wata ya ƙare. Da yamma ana zaune a tsakar gida wayar Yaya ta yi ƙara, ya duba, ya yi hamdala. Akawu ta ajiye tata wayar a kan cinya. Shiru. Washegari shiru, jibi shiru. Rana ta uku ta kira Ma'aji, wanda ke biyan albashi.

"Akawu, ai jan biro aka sa miki," ya ce. "Ba ki zo aiki ba, babu takardar hutu a fayil ɗinki. Ni abin da aka turo min nake biya."

Da yamma, bayan ta jera wa Yaya abinci a gaban tabarmarsa, ta koma bakin ƙofar kicin ta zauna, ta zuba wa Tela ido har sai da ya yi gyaran murya.

"Yaya, dama maganar takardar nan ce. Wai albashinta bai fito ba."

Yaya ya kai loma, ya tauna a hankali, ya lumshe ido. "Miyar nan ta yi daɗi. Wa ya yi?"

"Ni ce, Yaya," in ji Akawu.

"Yawwa." Ya nuna ta da cokali. "Ka ji ko? Ita ta yi. Jiya ma ita ta yi. Shekaranjiya da idona na gan ta ta ɗauko bokiti daga famfo har bakin banɗaki. To ni yanzu ya zan yi? Doka ta ɗora min nauyi: kada in sa hannu sai na gamsu ma'aikaci ba zai iya aiki ba. Da ban gani ba, da da sauƙi. Amma na gani. So kuke in yi wa hukuma ƙarya?"

"Yaya, bokitin ruwan wankanka ne."

"Ban ce ba nawa ba ne. Na ce kin ɗauka." Ya sha ruwa. "Matar da ta ɗauki bokiti, danna kwamfuta zai gagare ta? Ku fahimce ni, a gida ni yayanku ne. A ofis ba ni da ƙani, ba ni da matar ƙani. Ƙaro min miyar."

Ta tashi ta ƙaro masa.

Akwai abin da bai faɗa a tsakar gida ba, amma a sakatariya har masu gadi sun sani. Kwamitin ƙarin girma zai zauna a watan gobe, kuma sunan Yaya na ciki. Tun da aka shiga satin ya samu sabon labari, yana ba duk wanda ya shigo ofishinsa: "Matar ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya, takardarta na nan ban sa hannu ba. Ni ba na son kai." Akawu ta zama hujjarsa ta gaskiya, kyauta, kuma ita ke goge rigar da yake sawa ya je ya faɗa.

Washegari ta ce to, tunda tsayuwa ce ta hana ta albashi, bari ta kwanta. Ta ja zane ta juya wa ƙofa baya. Famfo ya kawo ruwa ya yi ta zuba a ƙasa. Rana ta yi, tukunya ba ta hau wuta ba. Inna ta zo bakin ƙofa sau uku, na ukun ba sallama.

"Yau kuma wane sabon salo ne? Jiya kina tsaye garau."

"Jikin ne, Inna."

"Jikin. Ni na haifi takwas, ban taɓa kwana biyu a kwance ba. Yaran yanzu, ɗan yanka kaɗan."

Da Yaya ya dawo ya tarar babu abinci, bai yi faɗa ba. Ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga murya daidai yadda za ta shiga ɗakin ƙurya.

"Ikon Allah. Ciwon da ya yi sati uku yana girki, yau da aka yi maganar albashi ya kwanta. Wannan ma abin dubawa ne."

Akawu ta yi dariya ita kaɗai a ƙarƙashin zane, dariyar ta ja ɗinkin, ta koma hawaye. In ta tashi, ta warke. In ta kwanta, ƙarya take. Da safe ta tashi, domin masu cewa ta warke aƙalla suna gaishe ta.

A sati na huɗu ta hau tasi ta je sakatariya da kanta, tana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai a ciki. Ma'aji ya ce shi biya kawai ya sani, ta ga Sakatare. Sakatare ya ce maganar lafiya ta sashen lafiya ce. Shugaban sashen lafiya ya ce shi ba zai ce komai a kan takardar da bai gani ba, ta je ta karɓo ta daga jami'in ma'aikata. Ta je ƙofar jami'in ma'aikata, aka ce yana taro. Ta hango shi ta taga yana cin gyaɗa, sanye da rigar da ta goge da asuba, aljihun gaban ya ɗan yi tudu.

Ta dawo ta wurin Ma'aji don ta huta a bencinsa. Ya dube ta ta saman tabarau.

"Ke da kike ba shi abinci sau uku a rana kin kasa, mu da muke gaishe shi daga nesa ya za mu yi?"

Maganin da likita ya rubuta ya ƙare. Tela ya je kantin magani ya dawo da rabi, ya ce mai kantin ya ce rabin ma yana aiki. Gefen ɗinkin ya yi ja, ya kumbura, ya fara tsattsafo da ruwa. Zazzaɓi ya riƙa zuwa da la'asar, daidai lokacin ɗora tukunyar yamma. Inna ta taɓa goshinta ta ce zafin wuta ne. Anti ta ce ita ma kanta na ciwo tun safe amma ba ta faɗa wa kowa ba.

Ranar Juma'a Yaya ya dawo daga aiki, ya tarar da ita tana wanke-wanke a zaune a kan kujera 'yar tsuguno. Ya miƙo mata wata guntuwar takarda. Da murna ta goge hannu a zane ta karɓa. Ba ta likita ba ce. An rubuta cewa tunda babu hutun da aka amince da shi, ta dawo bakin aiki ranar Litinin, in ba haka ba a ɗauki mataki.

Yaya mutum ne mai lissafi, amma akwai lissafin da bai taɓa yi ba. Bai taɓa tambayar kansa ta wace hanya abinci ke isowa tabarmarsa ba.

Litinin ƙarfe bakwai Akawu ta fito da jakarta. Inna na zaune a bakin ƙofa da kofi a hannu, tana jiran ruwan zafi.

"Ina zuwa haka?"

"Aiki, Inna."

"Aiki? Ke da ba ki da lafiya? To wa zai yi abincin rana?"

"Yaya ya ce na warke. Ga shi a rubuce."

Inna ta ajiye kofin a ƙasa. Anti ta fito da jaka, ta ga Akawu da jaka, suka tsaya suna kallon juna kamar motoci biyu a lungu. Akawu ta ce, "Anti, tunda kina gida, shinkafar na cikin buhun ƙasa," ta wuce.

A ofis matan ɗakin ajiyar fayil suka ga fuskarta, ba su tambaye ta komai ba. Iya mai shara, tsohuwar da ta fi ginin daɗewa a wurin, ta shimfiɗa kwali biyu a bayan manyan kabad, ta ɗora zanenta a kai, ta yi mata matashi da tsofaffin fayilolin haraji.

"Kwanta nan, 'yata. In an neme ki, kin je banɗaki."

Akawu ta yi barcin awa uku ba juyi. Shi ne hutun jinyarta na farko tun da ta bar asibiti, kuma a bakin aiki ta same shi. Talata ma haka, Laraba haka. Sakatare ya neme ta sau biyu, aka ce tana banɗaki, har ya ce a gaya mata ta rage shan ruwa.

A gida kuwa abubuwa sun tsaya. Anti ta rufe shago ta shiga kicin tana tsaki, shinkafar Litinin ta caɓe, ta Talata ta ƙone. Yaya ya tafi ofis da rigar da ta yamutse kamar an ƙwato ta daga bakin akuya. Ranar Laraba da yamma Inna ta kira shi gefe, amma muryar Inna ba ta san gefe ba.

"Kai Babba, ka ji tsoron Allah ka sa wa yarinyar nan hannu. Ba ta da lafiya. Ta dawo gida ta huta, gidan nan ya lalace."

"Inna, na riga na faɗa wa Ciyaman. In na janye yanzu, me zai ɗauke ni?"

Alhamis Ciyaman, shugaban ƙaramar hukumar, na zagayen ofisoshi da wasu baƙi biyu daga hukumar kula da ma'aikata. Yaya na gaba yana nuna hanya. Iya ta hango su ta ruga ta tashi Akawu, ta zaunar da ita a gaban kwamfuta kafin su shigo.

"Ranka ya daɗe, ga wadda nake ba ka labari," in ji Yaya. "Matar ƙanina. An kawo min takarda wai sati shida. Na ce sai na gani da idona. Ga ta nan, lafiya ƙalau." Ya juyo. "Akawu, hau sama ki ɗauko wa baƙi fayilolin ma'aikatan sashen ayyuka."

Iya ta ce, "Bari in ɗauko, ranka ya daɗe."

"Shara aka ɗauke ki, ba fayil ba."

Akawu ta tashi. Ta hau matakala tana riƙe ƙarfe, ta ɗauko fayilolin, sun kai talatin, ɗaure da igiya. Ta rungume su a ciki don ba ta da wani wurin ɗora su. A matakala ta shida daga sama ta ji wani abu ya saki a ƙasan cibiyarta, ba da ƙara ba, kamar zare ya zame daga allura. Sai ɗumi ya bi ƙafarta. Ta zauna a hankali a kan matakalar, ta ajiye fayilolin a gefe don kada su ɓaci, amma na ƙasan ya riga ya jiƙe. Jinin ya gangaro matakala ɗaya, biyu, uku, ya tsaya kusa da takalmin ɗaya daga cikin baƙin.

Iya ta yar da tsintsiya tana salati.

A motar Ciyaman aka kai ta asibiti. Likitan da ya yi mata aikin farko shi ya karɓe ta, ya ɗaga bandejin, ya tambayi wanda ya mayar da ita aiki. Aka yi ta kallon ƙasa. Ciwon ya riga ya yi mugunya ta ciki, sai da aka sake buɗewa aka wanke aka sake ɗinkewa. Da ta farfaɗo, likita ya kira Tela ya gaya musu tare: wannan karon ba zai sallame ta ba sai ya ga dama, kuma maganar ɗaukar ciki, wadda dominta aka cire ƙarin tun farko, a ajiye ta shekara biyu, bayan nan ma sai abin da Allah ya yi. Tela ya zauna a ƙasa a wurin, ba a kan kujera ba. Akawu ta juya fuskarta bango.

Likita ya kuma rubuta wa ƙaramar hukuma wasiƙa. Baƙin nan biyu ma suka rubuta tasu. Ciyaman, wanda sai da aka wanke kujerar motarsa sau biyu, ya kira Sakatare ya ce a nuna masa inda doka ta ce jami'in ma'aikata sai ya gamsu. Sakatare ya sa aka nemo littafin ƙa'idojin aiki, aka same shi a ƙarƙashin ƙafar wani tebur mai rawa. Suka buɗe shafin hutun jinya. Layi uku ne. Idan likita ya rubuta, jami'in ma'aikata ya shigar a rajista ya tura wa Ma'aji cikin kwana uku. Babu gamsuwa, babu dubawa, babu sa hannu. Shekara goma sha ɗaya Yaya yana riƙe da ikon da ba wanda ya ba shi, kuma kowa na durƙusa masa, saboda littafin yana aikin riƙe tebur.

Kwana biyar bayan haka, lokacin dubiya, suka zo gaba ɗaya. Inna da kwanon abinci, Anti da lemo, Yaya da wata takarda a cikin fayil sabo. Tela na zaune a bakin gadon tun safe. Aka yi sannu, aka yi addu'a, Inna ta share hawaye. Sannan Yaya ya matso da kujera.

"Akawu, ƙaddara ta riga ta faru. Yanzu an kafa kwamitin bincike, suna son bayani. Wannan 'yar takarda ce kawai, ki sa hannu a nan ƙasa, a wuce wurin."

"A rufa wa juna asiri, 'yar nan," in ji Inna. "Gida ɗaya ne."

Akawu ta karɓa. Shekara tara tana karanta takardu kafin ta bari su fita daga hannunta, ba ta ga dalilin fasawa yau ba. Ta karanta a fili, a hankali, har matan gadajen kusa suka daina hira.

"Ni ce na dawo aiki bisa son raina." Ta ɗago. "Anti, jakata na nan? Akwai wata guntuwar takarda a aljihun ciki, da hannun Yaya a kai. Ko a haɗa su tare, kwamiti ya zaɓa?"

Anti ta duƙa tana gyara lemo a leda.

Ta ci gaba. "Takardar likita kuwa ba ta isa hannun jami'in ma'aikata a kan lokaci ba, saboda mijina ya manta da ita a shago."

Nan ta tsaya. Ba ta kalli Yaya ba, mijinta ta kalla. Tela ya sunkuyar da kai yana murza yatsu. Tun yana yaro bai taɓa ce wa yayansa a'a ba. Ko wando Yaya ya ce ya yi tsawo, sai ya rage, ko da daidai yake.

"Ai ba wani abu ba ne," in ji Yaya. "Kai ba ma'aikaci ba ne, ba abin da za a yi maka. Mantuwa ce, kowa na yi."

"Ban manta ba, Yaya."

Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, sai da Inna ta ce, "Me ka ce?"

"Na ce ban manta ba. Na ba shi washegarin sallama, yana shan shayi. Ya sa a aljihun farar rigar nan mai aiki a wuya. Ni na ɗinka aljihun, na san abin da ke shiga cikinsa." Ya ɗago ya dubi yayansa. "In kwamiti ya kira ni, haka zan faɗa."

Wata mata a gadon gefe ta ce, "Allah ya yi maka albarka," da ƙarfi, kamar da ita ake. Akawu ta mayar da takardar cikin fayil, ta rufe, ta miƙa wa Yaya da hannu biyu, cikin ladabi.

"Akwai kurakurai a ciki, Yaya. Ba zan iya sa hannu ba."

Inna ta tashi ta ɗauki kwanon abincin da ta kawo, ta tafi da shi.

Albashin ya fito cikin kwana uku, kamar yadda littafin ya ce. Har iyalan mai gadin nan da ya yi ritaya aka nema, don a biya haƙƙinsa. Sunan Yaya ya fita daga jerin ƙarin girma, aka mayar da shi sashen kula da kasuwanni da tashoshin mota, inda yanzu yake duba rumfuna. Da aka sallami Akawu ba ta koma ɗakin da ke kallon kicin ba. Tela ya kama ɗaki biyu a bayan shagonsa, ya koyi dafa shinkafa, kuma sai da ya ƙona tukunya biyu kafin ya gane cewa ba a barinta a je a yanka riga.

A babban gida har yau ana ba da labarin, kuma an gyara shi tsaf. Labarin wata mata ce da aka riƙe hannu bibbiyu, aka yi jinyarta, ta tashi ta tozarta yayan mijinta a gaban baƙi, ta raba uwa da ɗanta. Inna na faɗa tana kuka, kuma kukan na gaske ne. Anti na ƙarawa da cewa ita bokiti ɗaya ta taɓa roƙa. Ba ƙarya ta yi ba. Kowa a gidan abu ɗaya ya roƙa, shi ya sa duk wanda ka tambaya zai rantse maka ba shi ba ne, ya kuma yi barcinsa lafiya. In Inna ta ga jikokin maƙwabta, takan yi ajiyar zuciya ta ce Tela dai shiru har yanzu, ko matar tasa ce ba ta so.

Bayan sati bakwai Akawu ta koma aiki, tana tafiya a hankali, hannu na kai wa mara ba da saninta ba. Iya ta goge mata kujera sau biyu. Ba ta gama zama ba Sakatare ya shigo da wata takarda rubutun hannu, yana sosa ƙeya.

"Sannu da dawowa. Wannan takardar gargaɗi ce da kwamiti ya ce a ba tsohon jami'in ma'aikata, a sa a fayil ɗinsa. Tun ranar take jira, ba mai bugawa." Ya rage murya. "Na san surukinki ne. In da nauyi, sai in kai shagon kwamfuta a waje."

Akawu ta karɓa ta karanta har ƙasa. Ta ɗauki biro ta gyara kwanan wata, ta ƙara waƙafi biyu, ta ja layi ƙarƙashin wata kalma da aka rubuta ba daidai ba. Sannan ta kunna kwamfuta, ta gyara zama, ta ɗora yatsu.

"Kwafi nawa, ranka ya daɗe?"